Amsar Yaya a Bakina

Ku da kuke biye da ni a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko an ɗaura min aure ne na manta da ku. Ba aure ba ne, 'yar'uwa. Abin da ya same ni ne ya fi ƙarfin yatsuna, duk sanda na ɗauki waya zan rubuta sai in ajiye ta. Yau na ce ko ina kuka sai na faɗa muku.

Ga wanda bai san ni ba: mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yayata. Ni ce Auta, kuma har yau ba mai kirana da wani suna a gidanmu. Ita kuwa tun tana firamare ake ce mata Dakta. Da sikila aka haife ta, rabin rayuwarta a gadon asibiti ta yi shi, amma ko daga gadon ta taso ta zauna jarrabawa sai ta zo ta ɗaya. Tun muna yara aka raba aiki a gidanmu ba tare da kowa ya furta ba: Dakta ke da kai, Auta ke da ƙafa. Ni ce aike, ni ce zuwa kyamis, ni ce mai bin Umma a baya da fulas ɗin ruwan zafi da bargo. Wallahi ban taɓa jin haushin hakan ba. Ina son Yayata fiye da yadda zan iya rubutawa.

Shekarar da makarantar likitanci ta kira ta intabiyu, ranar ta same ta a kwance da ƙarin ruwa a hannu. Daga wannan kwanciyar ba ta ƙara tashi ba.

Bayan rasuwarta gidanmu ya yi tsit, in ban da ƙarar keken ɗinkin Umma ba abin da ake ji. Ni kuma sai na tsiri buɗe littattafanta. Ba don karatu na fara ba, rubutun hannunta nake son gani, waɗannan ƙananan haruffan nata da take cusawa a gefen shafi. Daga kallon rubutu na koma karanta abin da ta rubuta, daga nan na koma karanta shafin gaba ɗaya. Na zauna jarrabawar shiga jami'a na faɗi, ba wanda ya yi mamaki, ni ma ban yi ba. Na sake zama a shekara ta gaba, na ci.

Ina gugar kayan Abba saƙon ya shigo. Na ɗauki wayar da hannun hagu na karanta: ana gayyatata intabiyu a makarantar likitanci. Kuna zaton tsalle na yi ko? Gabana ne ya faɗi. Abin da ya fara zuwa kaina shi ne kuskure suka yi. Sunan uba ɗaya, adireshi ɗaya, na ce tabbas kwamfutarsu ce ta tono tsohuwar takardar Yaya ta haɗa da lambata. Na duba na ga sunana ne ɓaro-ɓaro, amma zuciyata ta ƙi yarda. Sai da na ji ƙauri na tuna dutsen guga yana kan wuyan rigar Abba.

Mutum na farko da na gaya wa shi ne Mai Kyamis. Haka sunansa yake a wayata tun lokacin da nake zuwa shagonsa sayen maganin Yaya, kuma ko da magana ta canja tsakaninmu ban canja sunan ba. Dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da in ana rigima su ke neman kujerar da za a zauna.

Na rubuta masa: "Sun kira ni intabiyu."

Nan take ya kira, na ƙi ɗagawa. Ya rubuto: "Ɗaga mana, so nake in ji muryar."

"Ina jin kuskure suka yi."

"Kwamfutar ce ta zauna miki jarrabawar?"

"Littattafan Yaya ne suka ci, ba ni ba."

"To. Da ƙafarsu suka shiga ɗakin jarrabawa kenan. Ki gaishe min da su."

Na yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye, na kifa wayar a kan gado.

Abba, da ya dawo daga shagonsa na gyaran agogo, ko takalmi bai cire ba ya fita yana shaida wa maƙwabta. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin rasuwar. Aka yi ta shigowa barka, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce Allah ya cika burin Dakta. Wata ta ce Dakta ta dawo, wani ya ce jini ba ya ƙarya, ai ƙanwar Dakta ce. Na zauna a gefe ina cewa amin. Barka ce ake yi min, amma ko a guda ban ji an ambace ni ni kaɗai ba.

Gwaggo, yayar Abba, ita ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, wai Auta, yarinyar da sai an maimaita mata aike sau biyu. Daga nan ta ja ni kicin ta rage murya, wai shawara za ta ba ni ta uwa: karatun likita dogo ne, ba kowane kai ke ɗaukarsa ba, kada in saki yaron nan mai kyamis in kama abin da ba nawa ba. Ban ji haushinta ba, abin da ke cikina ne ta faɗa da bakinta.

Umma kuwa, da na je na durƙusa kusa da kekenta na gaya mata, ƙafarta ta tsaya a kan feda na ɗan lokaci. Ta ce, "Allah ya sa alheri." Ta ci gaba da ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Wannan ya fi maganar Gwaggo yi min ciwo. Na ce a raina ita ta haife mu, ita ta fi kowa sanin wadda ke da kai a cikinmu.

Kowa ya san tambayar da ba ta fashi a irin wannan intabiyu: me ya sa kike son zama likita? Na zauna na rubuta tawa amsar. Ina son taimakon mutane. Na karanta na ji kamar 'yar firamare ce ta rubuta, na yaga. Na sake, na sake yagawa. Alhali akwai wata amsa a kwance a kaina, tsaf, ba inda ta gurgunce. Lokacin da Yaya ke shirin nata intabiyun ni ce mai yi mata tambaya. Ina zama a bakin gado in ɗora tabarau ɗin Umma a kan hanci in murtuke fuska, ita kuma ta tsaya gaban madubin wardrop tana amsawa. Na ji amsar nan har na haddace ta, da inda take ɗan tsayawa ta ja numfashi, da inda take ɗaga gira.

Sai na ce to mene ne a ciki? In ɗauki ta Yaya, in cire wajen da take maganar ciwonta, in je da sauran. Kullum da la'asar in na gama aikin gida sai in tura ƙofa in tsaya gaban madubin nan. Wani lokaci ina tsallake wajen ciwon kamar yadda na shirya. Wani lokaci kuma in faɗe ta gaba ɗaya yadda take, don in na faɗe ta duka sai in ji kamar tana ɗakin.

Maganar kaya Abba ne ya kawo ta. Ya tuna da doguwar rigar da Umma ta ɗinka wa Yaya don intabiyunta, wadda ba a taɓa sakawa ba. Ya ce in saka ta, albarkarta ta bi ni. Umma ta tashi ta sauko da akwati. Riga ce ruwan toka, da ƙananan maɓallai farare tun daga wuya har ƙirji, da mayafinta mai ɗan duhu, duk suna ƙamshin kafur. Yaya siririya ce, ni kuwa Allah ya ba ni kafaɗa. Umma ta farke ɗinkin gefe ta ƙara min iya abin da yadin ya bari. Da ta zo gwada min, bakinta cike da fil, ba ta yarda mun haɗa ido a madubi ba. Duk da ƙarin da ta yi, in na ɗaga hannu sai rigar ta cije ni a hammata.

Ana gobe intabiyu Mai Kyamis ya zo da yamma, muka tsaya a bakin ƙofar gida. Ya kawo min sabon biro da kwalbar ruwa, wai kada maƙogwaro ya bushe min. Ya ɗan taɓa maganar Baffansa da ke ta tambaya yaushe za su zo su ga Abba, na ce ya bari in fita daga wannan tukuna. Ya ce ba komai, ko an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba shi yana nan.

Kun san mai neman inda zai sauke kaya. Na hau shi da faɗa. Na ce ashe shi ma ya gama yanke min hukunci, har ya tanadi lallashin da zai yi min in na faɗi. Na ce ya fito fili ya faɗa kamar Gwaggo, ya ce wurin Dakta ne ba nawa ba. Ya bar ni har na ƙare, yana juya makullin babur a hannunsa.

"Auta," ya ce, "ni fa ban taɓa ganin Dakta ba. A takardar magani kawai na san ta. Ke na sani. Ke ce kike zuwa ki tsaya min a kai ki ce wancan ya sa ta amai, in kira likita kafin in ba da shi."

Na ce masa so ne ke magana ba shi ba. Na shige gida na bar shi tsaye da kwalbar ruwa.

Da safe na fito na tarar da shi a inda na bar shi, kamar can ya kwana. Ya rufe shago ya zo kai ni. A bakin makarantar ya nuna min wata bishiya ya ce a nan zan same shi.

Aka tara mu a wani dogon baranda mai kujerun roba, aka maƙala wa kowa lamba a ƙirji. Warin maganin goge ƙasa ya daki hancina, warin da na sani tun ina bin Umma asibiti da fulas. Ta kusa da ni, wata fara mai jaka mai kyau, tana ba wani labari cewa iyayenta duka biyu likitoci ne. Wani saurayi yana ta juya ƙananan katuna yana motsa baki. Kowa na kalla sai in ga da wurin aka haife shi. Ni kuwa ina zaune a ɗofane cikin rigar da ba tawa ba, ina jiran wani ya fito da takarda ya ce lamba kaza ta yi haƙuri, an samu kuskure.

Wata ma'aikaciya mai ƙararrawa a hannu ta yi mana bayani. Ɗakuna ne a jere, in ta kaɗa ka shiga, in ta sake kaɗawa ka fito ka wuce na gaba. Ɗakin da ka bari ka bar shi kenan.

A ɗakin farko wata dattijuwar Farfesa ce, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, da wani mutum a gefe yana rubutu. Ta yi min murmushi ta ce in zauna. Ta yi tambayar da na sani za ta yi.

Tsoro ya kama ni, sai bakina ya hau hanyar da ya saba. Na ji kaina ina cewa: "Na san asibiti kafin in san makaranta. Na san ƙarar takalmin nas, na san yadda silin ɗin ɗakin yara yake, domin na yi shekaru ina kallonsa daga kan gado. Ni mai sikila ce, kuma ina so in zama likitan da na yi ta jira ya shigo."

Har girar na ɗaga. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Farfesa ta gyara tabarau ta buɗe fayil ɗina, ta duba a tsanake. Mutumin gefe ya daina rubutu.

"Gwajin lafiyarki bai nuna sikila ba," ta ce. "Kuskuren daga wajenmu ne?"

"A'a."

"To ciwon wa kika ba mu labari?"

"Na Yayata."

"Amsar fa?"

"Ita ma tata ce."

Ta tambaye ni ina Yayar take. Na ce ta rasu, kuma ita ma an taɓa kiran ta nan ba ta samu zuwa ba. Farfesa ta rufe fayil ɗin a hankali ta yi mata addu'a. Babu faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Amsa ce mai kyau," ta ce. "Amma ke muka kira. Ke me ya kawo ki?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na kalli maɓallan rigar, na kalli tebur. Ta jira ni, wallahi ta jira ni, ba ta katse ni ba, ba ta kalli agogo ba. Ina nan zaune kamar an dasa ni har ƙararrawa ta kaɗa.

Na fito idona ya rufe. Abin da na yi ta tsoro ya faru, kuma ba kwamfuta ce ta tona ni ba, ni na tona kaina da bakina. Na nufi matattakala zan gudu. Mai ƙararrawa ta riƙo gwiwar hannuna ta ce ba nan ba, ɗaki na gaba. Ni kuwa da na saba duk inda aka aike ni in je, sai na je.

A jikin ƙofar an manna bayani: a ciki akwai mara lafiya da ta daɗe tana jinya, ta ƙi shan magani, a yi mata magana. An riga an gaya mana 'yar wasan kwaikwayo ce aka ɗauko ta yi kamar mara lafiya. Na shiga ba tare da na shirya komai ba, tunda a ganina na riga na faɗi, me ya rage?

Wata mata ce mai kamar shekarun Umma, kwance a siririn gado, ta juya fuska bango. Mai ba da maki yana can lungu. Fanka na kaɗawa a kanta, ƙafafunta a waje. Kafin in yi tunani hannuna ya kai kan makunni na rage fankar, na ja zanen gadon na rufe mata ƙafa. Na jawo kujera na zauna daidai kanta, na murza tafukana har suka yi ɗumi, sannan na taɓa hannunta. Sanyi shi ke tayar wa Yaya da ciwo, kuma ba abin da ta tsana kamar a taɓa ta da hannu mai sanyi. Na yi shekaru ina haka har ban san ina yi ba.

Ban ambaci magani ba. Na tambaye ta ko ta samu barci. Ta ce ina barci ga wanda kullum ake ɗura wa ƙwayoyi kuma ba ya warkewa. Ta ce ta gaji, duk wanda ya shigo sai ya ce ta daure.

"Ni ba zan ce ki daure ba," na ce. "Kin daure ai."

Na tambaye ta a cikin magungunan wanne ta fi tsana. Ta ce babban, yana tsaya mata a wuya, yana tayar mata da zuciya har yamma. Na ce ba zan yi mata alkawarin za a cire shi ba don ba ni ke da ikon ba, amma zan faɗa wa likita yadda ta faɗa min, a duba ko da wani a madadinsa ko a canja lokacin shan. Na tambaye ta wa ke zama da ita. Ta ce 'yarta. Na ce ita 'yar, akwai mai tambayarta ko ta ci abinci?

Matar ta juyo daga bango ta dube ni. Ban sani ba ko yana cikin abin da aka tsara mata, ko kuwa ita ce da kanta ta juyo. Ta ce, "Babu." Na ce to in ta zo a fara da ita. Muna haka ƙararrawa ta kaɗa, kuma sai da na zare hannuna daga nata.

A baranda na jingina da bango ina maida numfashi. Abin da na yi a ɗakin nan babu shi a littattafan Yaya, ko a gefen shafi. Ba za ta iya koya min shi ba, domin ita a kan gado take, ni ce a kan kujera. Duk shekarun da na ɗauka aike kawai nake yi, ashe ina koyon wani abu, kuma nawa ne. Ina son zaman nan kusa da mai ciwo. Ina son in san abin da ke cikin ƙwayar da nake miƙawa, in daina tsayawa a bakin ƙofa ina jiran wani ya zo ya yi min bayani. Amsata kenan. Ta zo, amma ta makara da ɗaki guda.

Sauran ɗakunan na shiga cikinsu da ƙafata. Wasu tambayoyin na amsa, wata na ce ban sani ba, ƙasa kuma ba ta tsage ba. Da aka gama na je wajen mai ƙararrawa na roƙe ta ta bar ni in koma wajen Farfesa, magana ɗaya zan faɗa. Ta dube ni da tausayi ta ce ba ta da iko, ƙa'ida ce a kan kowa. Na tsaya ina kallon rufaffiyar ƙofar har aka kira rukuni na gaba.

Mai Kyamis na ƙarƙashin bishiyarsa. Ya kalli idona bai tambaye ni komai ba, ya miƙo min hankici ya tayar da babur. A ƙofar gida na ce masa ya yafe min maganar jiya. Ya ce in shiga tukuna, maganarmu ba ta gudu.

Abba bai dawo ba. Umma na kan keke tana haɗa hannun wata riga. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ko mayafi ban cire ba, na gaya mata duka: yadda na ɗauki amsar Yaya, yadda na ce ni mai sikila ce a gaban mutane, yadda aka tambaye ni tawa na kasa. Na ce ta yi haƙuri, wataƙila na zubar da damar da Yaya ba ta samu ba.

Keken ya tsaya.

"Na sani," ta ce.

Na ɗago.

"Ina jin ki kullum da la'asar. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Tun ranar farko na gane amsarta ce, na kuma san in kika je da ita za ta kayar da ke." Ta sauke ƙafarta daga feda. "Na tashi zan shigo in hana ki, ya fi a ƙirga. Sai in tsaya a bakin ƙofa. Yadda kike faɗarta, har inda take jan numfashi... Auta, so nake in ƙara jin ta. Shi ya sa na ƙyale ki."

Jama'a, na yi zaton na san ciwo. Na yi makonni ina ganin Umma ta ƙi kallona ne don ta san ban isa ba. Ashe tana bayan ƙofa tana sauraron 'yarta da ta rasu a bakin 'yarta da ke raye, ta bar mai ran ta tafi ta faɗi. Na ji haushinta, ba zan ɓoye muku ba, haushin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. A lokaci guda kuma na ga yadda ta rame, na ga wuyanta. Na rasa wanne zan ɗauka.

"Umma," na ce, "Yaya ta tafi. Ni ma ina kewarta kamar in mutu. Amma ni ce nan. In sun ɗauke ni, ni suka ɗauka. In ba su ɗauke ni ba zan sake nema, kuma da bakina zan je."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na jira ta ce na yi rashin kunya, ko ta tashi ta shige ɗaki. Ta sa gefen zanenta ta share fuska. Ta zare rigar da ke ƙarƙashin allura ta ninke, ta rufe keken da murfinsa, abin da ba ta yi sai an gama aikin yini. Sannan ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, gwiwarta na taɓa tawa, ta dube ni cikin ido.

"Kin ce amsar taki ta zo daga baya," ta ce.

Na gyaɗa kai.

"Su sun rufe ƙofa. Ni ban taɓa jin taki ba. Faɗa min."